Masu gadin da ba sa barci: Yadda jiki ke tare cuta tun kafin a kai ga asibiti

Da zarar hunturu ya kankama a Abuja, hazo ya lulluɓe Dutsen Aso, sai ofisoshin Sakatariyar Tarayya su cika da tari da atishawa. Mutum goma za su wuni a ɗaki guda, suna shaƙar iska ɗaya, suna kama marfin ƙofa ɗaya, amma biyu ko uku ne za su kwanta, sauran kuwa su ci gaba da aikinsu lafiya ƙalau. Ƙwayar cutar ta isa hancin kusan kowa a ɗakin. Bambancin ya fi ta'allaƙa ne ga abin da ya faru a sa'o'in farko bayan isarta, lokacin da mutum bai ma san an kawo masa hari ba.

Wannan aiki na sa'o'in farko, wani sashe ne na garkuwar jiki ke yin sa, wanda ake haihuwar kowane ɗan Adam da shi. Sanin yadda yake aiki yana da amfani ga lafiya da kuma aljihu, domin kuɗi masu yawa na tafiya wajen sayen abin da ake kira maganin ƙara garkuwar jiki, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sha ba bisa ƙa'ida ba, alhali wasu daga cikin waɗannan ɗabi'u raunana masu gadin suke yi.

Garkuwa iri biyu

Masana sun kasa garkuwar jiki gida biyu. Akwai wadda ake koyo, wadda ke nazarin kowace ƙwayar cuta, ta ƙera mata makami na musamman, ta kuma adana bayaninta domin gaba. Da ita allurar riga-kafi ke aiki. Matsalarta ɗaya ce: idan karon farko ne take haɗuwa da ƙwayar, takan ɗauki kusan mako guda ko biyu kafin ta gama shiri.

Ƙwayar cuta kuwa ba ta jira. Wasu nau'o'in bakteriya, idan suka sami yanayin da ya dace, sukan rabu biyu duk bayan minti 20. Da wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Da a ce jiki zai jira garkuwar koyo kaɗai, da ƙaramin yankan reza ya isa ya yi kisa.

Wannan giɓi shi garkuwa ta biyu ke cikewa, wato garkuwar da ake haihuwa da ita. Ita ba ta tambayar sunan baƙo. Tamkar mai gadin ƙofa take, wanda ba ya buƙatar fayil ɗin mutum kafin ya gane cewa wanda ya hauro katanga da tsakar dare ba ɗan gida ba ne. Takan fara aiki cikin mintuna, kuma tana tunkarar bakteriya da bairos da ƙwayoyin funfuna.

Ganuwa da ƙofofinta

Matakin farko shi ne hana shiga. Fatar babban mutum ta kai faɗin kusan murabba'in mita biyu. Samanta matattun ƙwayoyin halitta ne masu tauri da ke kakkaɓewa kullum, su tafi da duk abin da ya manne musu. Tana da ɗan tsami-tsami da yawancin ƙwayoyin cuta ba sa so, tana fitar da sinadaran da ke huda su, sannan akwai bakteriya marasa lahani da suka mamaye ta, suka hana miyagu wurin zama. Darajar wannan ganuwa ta fi bayyana ga wanda ya yi mummunar ƙuna: ko ya tsira daga wutar, babban abin da likitoci ke fargaba shi ne ƙwayoyin cuta da za su shiga ta inda fatar ta salwanta. Haka nan man bilicin, musamman mai ɗauke da sinadarin sitiroid, yana sirantar da fata, ya buɗe hanya ga ƙuraje da makero da sauran cututtukan fata.

Inda babu fata, kamar hanci da maƙogwaro da hanji, akwai majina. Mutane na ƙyamarta, amma tarko ce mai danƙo da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta, a bututun iska, akwai miliyoyin siraran gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna turo majinar sama zuwa maƙogwaro, inda ake haɗiye ta ko a tofar. Hayaƙin taba yana kashe wa waɗannan gashi kuzari, shi ya sa mashayin taba ke fama da tarin safe da yawan ciwon ƙirji. Hayaƙin itacen girki da na janareto su ma suna wahalar da hanyoyin numfashi.

Hawaye da yawu ma makamai ne. A 1922 likitan nan ɗan Sukotlan, Alexander Fleming, ya wallafa bayanin wani sinadari da ya samu a majina da hawaye, mai narkar da bangon wasu bakteriya, aka sa masa suna laisozayim. Shekara shida bayan haka ne ya gano fenisilin, wadda ta fi sa shi shahara. Abin da ya wuce baki kuma sai ya faɗa cikin ruwan ciki mai tsananin tsami, wanda ke hallaka mafi yawan ƙwayoyin da suka shigo da abinci. An tabbatar cewa mutumin da tsamin cikinsa ya ragu, ƙwayoyin kwalara kaɗan sun isa su kama shi. Wannan abin lura ne ga masu shan maganin gyambon ciki wata da watanni ba tare da likita ya sake duba su ba.

A cikin hanji kuma akwai tiriliyoyin bakteriya masu amfani da ke cinye abinci da wurin da miyagu za su samu. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ana kashe wani ɓangare nasu. Wannan ne dalilin gudawar da kan biyo bayan shan irin waɗannan magunguna.

Darasin sanƙarau

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu cutar da ta gaskata wannan magana kamar sanƙarau. Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa annobarsa takan zauna a bayan hanci da maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta yi musu komai ba. Muddin fatar cikin hancin na da lafiya, a nan za ta tsaya. Amma a yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha ya ratsa arewacin Najeriya, cutar takan tashi ne a lokacin rani, daga wajen Disamba zuwa Yuni, ta lafa idan damina ta sauka. Masana na danganta hakan da busasshiyar iska da ƙura da mura da ke raunata wannan fata ta ciki, har ƙwayar ta samu ta kutsa cikin jini, ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Cunkoso a ɗakin kwana marar iska yana ƙara yaɗa ta.

A annobar 1996, sama da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar riga-kafin da ke kare mutum daga nau'o'i biyar na ƙwayar. Ma'aikacin da iyalinsa ke Sakkwato ko Damaturu ko Dutse, yana kuma kai musu ziyara a rani, wannan magana ta shafe shi kai tsaye.

Idan an keta ganuwa

A 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, wani masanin dabbobi daga daular Rasha mai suna Ilya Mechnikov ya soka ƙaya a jikin jaririyar wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake iya hango cikinta. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyin halitta masu yawo sun yi wa ƙayar ƙawanya. Daga nan ya kafa hujjar cewa a jikin dabbobi da mutane akwai ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne haɗiye baƙin abu su narkar da shi. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich na Jamus.

Manyan masu haɗiyar iri biyu ne. Akwai makrofej, waɗanda ke zaune dindindin a huhu da hanta da saifa da ƙarƙashin fata, su ne ke fara cin karo da maharin, su kuma yi kururuwa ta hanyar sakin sinadarai. Sai nutrofil, waɗanda su ne mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, fiye da rabinsu a jikin mafi yawan manya. Ɓargon ƙashi yana ƙera kimanin biliyan 100 nasu kowace rana, domin ba su da tsawon rai. Da jin kururuwa sai su ratsa bangon jijiyar jini, su yi tururuwa zuwa wurin, su yi ta haɗiya har su mutu. Mugunyar da ke fita daga maruru, akasarinta gawarwakinsu ne da na ƙwayoyin da suka kashe.

Ja da zafi da kumburi da raɗaɗi da ake gani a kewayen rauni, tun ƙarni na farko marubucin Rum, Celsus, ya jera su a matsayin alamomi huɗu. Ma'anarsu a yau a fili take: jijiyoyin jini sun buɗe domin dakaru su iso da sauri, ruwa ya tsattsafo cikin nama, raɗaɗin kuma yana tilasta wa mutum ya hutar da wurin.

A cikin jini akwai wata tawagar sinadarai sama da 30, mafi yawansu hanta ke ƙera su, masu tayar da juna ɗaya bayan ɗaya. Suna yi wa bakteriya tambari domin masu haɗiya su gane ta, wani lokaci su huda ta har ta fashe. Jules Bordet na Beljiyam ya sami kyautar Nobel ta 1919 saboda aikinsa a kansu. Mutanen da aka haifa da naƙasa a sashen ƙarshe na wannan tawaga sukan yi ta kamuwa da sanƙarau a kai a kai.

Shi kuwa bairos a cikin ƙwayoyin halittarmu yake ɓuya, don haka dabarar kama shi daban ce. A 1957, a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon, saƙon da ƙwayar halittar da ta kamu ke aika wa maƙwabtanta cewa su rufe ƙofa. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini da ake wa laƙabi da makasa na halitta, masu zagayawa suna duba alamar shaida a jikin kowace ƙwayar halitta. Wadda ta ɓoye tata alamar, kamar yadda masu ɗauke da bairos ko cutar daji kan yi, sai su kashe ta.

An daɗe ba a san yadda waɗannan dakaru ke bambance ɗan gida da baƙo ba. A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale a Amurka ya yi hasashen cewa suna da na'urorin gane wasu siffofi da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kansu, waɗanda babu su a jikin mutum. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna hakan a jikin ƙudan 'ya'yan itace, a 1998 kuma Bruce Beutler ya nuna shi a jikin ɓeraye. Su biyun sun raba kyautar Nobel ta 2011 da Ralph Steinman, wanda ya gano ƙwayoyin halittar da ke ɗaukar guntun maharin su kai wa garkuwar koyo. Da wannan aka fahimci cewa masu gadin farko ne ke tayar da garkuwar koyo daga barci. Shi ya sa ake haɗa wasu alluran riga-kafi da ɗan gishirin alminiyam, domin ya zaburar da su. Ɗan kumburin dantse da zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura alama ce ta wannan zaburarwa.

Wani bayani zai amfani masu yin gwajin jini na shekara-shekara. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke ba su kariya mai yawa daga wani nau'in maleriya da ya fi yawa a Asiya. Masu wannan gado sukan nuna adadin nutrofil ƙasa da ma'aunin da aka gina a kan Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Wanda ya ga lambarsa ta ɗan yi ƙasa alhali yana cikin ƙoshin lafiya, likita ya kamata ya kai wa takardar ya fassara masa, kafin ya tayar da hankalinsa.

Zazzaɓi: makami ne, kuma ƙararrawa ce

Sinadaran da makrofej ke saki sukan kai ga ƙwaƙwalwa, su sa ta ɗaga ma'aunin zafin jiki daga wajen digiri 37 zuwa 38 ko sama. Zafin yana rage saurin hayayyafar wasu ƙwayoyin cuta, yana ƙara wa fararen ƙwayoyin jini kuzari. Kasala da rashin son abinci da ke tare da shi suna sa mutum ya kwanta ya huta.

Farasitamol yana sauƙaƙa wahalar, amma ba ya taɓa abin da ya kawo zazzaɓin, kuma wuce giram huɗu a rana ga babba na iya lalata hanta. A ƙasa irin tamu, tambayar farko ita ce ko maleriya ce. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a sha maganinta. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, duk zazzaɓin da ya yi na gaggawa ne, asibiti za a nufa da shi nan take.

Lokacin da mai gadi ya ƙone gida

Makaman da ke kashe ƙwayoyin cuta suna iya kashe mai su. Idan kumburin da ya kamata ya tsaya a wuri ɗaya ya bazu ko'ina cikin jiki, hawan jini yakan faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Wannan shi ake kira sefsis. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 ne suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka mutu. Alamominsa sun haɗa da numfashi da sauri, ruɗewa, raguwar fitsari, da sanyin hannu da ƙafa ga mai zazzaɓi. A nan jinkirin sa'o'i kaɗan na iya raba mutum da ransa.

Annobar korona ta nuna fuskokin lamarin biyu. A 2020 tawagar Jean-Laurent Casanova ta gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda cutar ta yi wa mummunan kamu, jikinsu na ƙera abin da ke toshe intaferon ɗinsu, wato masu gadinsu sun makara. A wannan shekarar kuma, wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa deksametason, magani mai arha da ke danne kumburi, ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Ke nan maganin da ya ceci rayuka a matakin ƙarshe, kwantar da garkuwa yake yi.

Wannan ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya miƙa albashinsa ga mai tallan ƙwayoyi ko jiƙon ƙara garkuwa a ofis ko a WhatsApp. Abin da jiki ke buƙata daidaito ne: martani da wuri, daidai gwargwado, sannan tsayawa idan aiki ya ƙare. Ga wanda ke cin abinci mai kyau kuma ba shi da ƙarancin wani sinadari, babu hujja ƙwaƙƙwara cewa ƙarin bitamin zai hana shi kamuwa da cuta. Lambar da hukumar NAFDAC ke bai wa maganin gargajiya a matakin farko kuma ta shafi rashin cutarwarsa ne, ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa ba.

Waɗanda ganuwarsu ke da rauni

Akwai mutanen da ke buƙatar kulawa ta musamman. Masu cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, saifarsu takan daina aiki tun suna ƙanana, ita ce kuwa matatar da ke cire wasu bakteriya daga jini. Shi ya sa ake ba yaran fenisilin kullum da ƙarin riga-kafi, ake kuma ɗaukar zazzaɓinsu da muhimmanci. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana sa nutrofil su yi nauyin jiki, ga ƙarancin jini a ƙafa, sai ƙaramin rauni ya zama gyambo. Tamowa, tsufa, maganin cutar daji, da yawan shan sitiroid don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi duk suna rage ƙarfin masu gadin.

Jariri sabon haihuwa shi ma garkuwarsa ba ta gama ƙwari ba. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, cike yake da fararen ƙwayoyin jini da sinadaran kariya da ke shafe hanjin jaririn. Shawarar masana ita ce a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Abin da ke hannun ma'aikaci da na shugabansa

Barci na cikin abubuwan da aka auna tasirinsu. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015, an ɗiga wa masu sa-kai ƙwayar mura a hanci bayan an auna barcinsu na mako guda. Waɗanda ke barci ƙasa da awa shida sun ninka masu barcin sama da awa bakwai kusan sau huɗu wajen kamuwa. Wanda ke baro Mararaba ko Kubwa ko Gwagwalada da asuba don gudun cunkoso, da hadimin da ba ya barin ofis sai maigidansa ya tashi, su ne wannan sakamako ya fi shafa.

Sauran matakan ba su da tsada. Wanke hannu da sabulu yana rage yawan ƙwayoyin da ke isa hanci da baki. A wanke rauni da ruwa mai tsabta a rufe shi. A lokacin hazo a riƙa shan ruwa sosai, a rufe hanci idan ƙura ta yi yawa. A auna sukarin jini, a bar taba, a cika wa yara riga-kafinsu. Mura kuwa bairos ne ke kawo ta, antibayotik ba ya yi masa komai, sai dai ya kashe bakteriyar hanji masu amfani, ya kuma koya wa miyagun jure magani. An ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma a yammacin Afirka kudu da Sahara ne adadin ya fi tsanani idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Wani kason nauyin yana wuyan masu tafiyar da ma'aikatu. Banɗakin da babu ruwa da sabulu, ɗakin taron da aka rufe tagoginsa aka cika shi da mutane, janareton da ke hayaƙi a gindin taga, da al'adar kallon mai neman hutun rashin lafiya a matsayin malalaci, duk suna ƙara yawan ƙwayoyin da kowane ma'aikaci ke shaƙa. Masu gadin jiki suna da iyakar abin da za su iya tarewa a lokaci guda. Daraktan da ya bar mai mura ya huta kwana biyu a gida, ya kuma tabbatar famfon banɗaki na zuba, ya kare sauran ma'aikatansa da kuɗin da bai kai na jinyar mutum ɗaya ba.